Faifan tsohuwar laftof ya hana ni shiga foldata, ɗaya ɓangaren kuma wai sai an yi fomat

Maman_Iman:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah masana kwamfuta ku taimaka mini. Laftof ɗina ce ta mutu, mai gyara ya ce bod ne ya ƙone amma faifan ajiyar yana nan. Ya ciro mini shi, aka sa shi a kesin mai kebul na USB, na jona a sabuwar kwamfuta mai Windows 11. Faifan ya fito gida biyu, E da F, don dama can a rabe yake. E yana buɗuwa, amma da na shiga Users na danna foldar da ke ɗauke da sunana sai ya rubuto "You don't currently have permission to access this folder". Na danna Continue, koren layin nan na sama ya yi ta jan jiki ya ƙi ƙarewa, can sai ya ce "You have been denied permission to access this folder". Shi kuwa F ko buɗuwa ba ya yi, cewa yake "You need to format the disk in drive F: before you can use it". Rubutun bincikena na makaranta da takardun aiki suna E, hotunan yara tun suna jarirai suna F. Sunan da na sa a sabuwar kwamfutar shi ne na tsohuwar, kalmar sirrin ma ita ce. To ta yaya za a ce ba ni da izini a kan kayana?

Nura99:
Wa alaikumus salam. Na F ɗin ai ya faɗa miki maganin da kansa. Ki yi fomat zai buɗe, haka nake yi wa filasha idan ta yi mini wannan.

Binta_ICT:
Maman Iman, don girman Allah kada ki danna Format. Nura99, zai buɗe kam, amma wayam za ta same shi. Wannan saƙon yana fitowa ne idan Windows ta kasa karanta tsarin da aka jera fayiloli a kansa, sai ta ɗauka faifan sabo ne. Galibi hotunan suna nan zaune inda suke, taswirar da ke nuna wurinsu ce ta samu matsala. Duk lokacin da akwatin nan ya fito, Cancel kawai.

Nura99:
Ai ko an yi fomat akwai manhajojin da ke dawo da fayil. Recuva tana yi.

Binta_ICT:
Wani lokaci tana yi, idan fomat na gaggawa aka yi kuma ba a rubuta komai a kai ba. Amma idan aka cire alamar Quick Format, tun daga Windows Vista cikakken fomat sifili yake bin faifan yana rubutawa daga farko har ƙarshe, babu manhajar da za ta dawo da komai. Kuma ko na gaggawar ne, mene ne amfanin rusa abin da ya rage na taswirar sannan a koma neman sa?

Sadiq_Tech:
Yaya Maman Iman, na E ɗin abu ne sananne, kuma ba lalacewa ba ce. Windows ba ta gane mutum da sunan da ya rubuta. Kowane asusu da aka buɗe ana ba shi wata doguwar lamba da ake kira SID, wadda ke farawa da S-1-5-21, kuma ita ake liƙa wa fayiloli a tsarin NTFS, wato tsarin da Windows ke jera fayiloli da shi, a matsayin mai su. Sabuwar kwamfutarki ta ba ki sabuwar lamba. Kamar mutum ne ya koma sabon gida ya rubuta sunansa a ƙofa: sunan ɗaya ne, amma makullin sabon gidan ba zai buɗe ɗakin tsohon gida ba.

Gyaran shi ne ki karɓi mallakar foldar. Ki danna ta da ɓangaren dama na maus, Properties, Security, Advanced. A sama za ki ga Owner, wataƙila ma doguwar lambar nan za ki gani maimakon suna. Ki danna Change, ki rubuta sunan asusunki, ki sa alama a "Replace owner on subcontainers and objects", Apply. In kin fi son rubutu, ki buɗe Command Prompt a matsayin admin ki rubuta:

takeown /f "E:\Users\sunanki" /r /d y
icacls "E:\Users\sunanki" /grant administrators:F /t

Na farkon yana ba ki mallaka, na biyun yana ba da cikakken izini.

Malam_Habu:
Abin da Sadiq ya faɗa haka yake. Na yi wa mutane da dama wannan, yana aiki.

Injiniya_Bala:
Bayanin Sadiq a kan SID daidai ne, ba ni da ja. Amma Hajiya, ki dakata tukuna, kada ki rubuta waɗancan umarnin yanzu.

Ku sake karanta abin da ta rubuta. Kuskure biyu ne a faifai ɗaya, kuma ba jinsinsu ɗaya ba. Na E cewa yake: ina ganin kayan, amma ban yarda ki taɓa ba. Na F cewa yake: ni ban ma iya karanta wurin ba. Da na E ne kaɗai, da na ce ta bi Sadiq ta wuce wurin. Amma ɓangare guda ya zama RAW, wato Windows ba ta gane tsarinsa, sannan Continue ya daɗe yana ja kuma ya kasa. Wannan yana iya zama yawan fayiloli ne kawai, yana kuma iya zama faifan ne ke fama wajen karatu. In na biyun ne, to takeown da icacls za su bi kowane fayil ɗaya bayan ɗaya su canza bayanansa, wato dubban rubuce-rubuce a kan faifai mara lafiya. Shi kansa Continue ɗin da ta danna abin da yake yi ke nan, yana ƙara sunanta a jerin masu izini na duk abin da ke cikin foldar.

Abu na farko shi ne a san lafiyar faifan. Ki sauke CrystalDiskInfo, kyauta ce, ki sa ta a sabuwar kwamfutar, ba a kan faifan da ake magana ba. Ki zaɓi faifan, ki faɗa mana ko Good ya nuna ko Caution, sannan ki duba layuka uku: 05 Reallocated Sectors Count, C5 Current Pending Sector Count, da C6 Uncorrectable Sector Count. Ki kuma kara kunnenki a jikin kesin ɗin. Akwai wani ƙas-ƙas da yake maimaitawa? Yana tsayawa ya sake tashi?

Sadiq_Tech:
Ranka ya daɗe, na yarda a duba lafiyarsa tukuna. Sai dai foldar Users kan ɗauki lokaci ko a faifai mai lafiya, saboda AppData cike take da ƙananan fayiloli. Ba na so a tsorata ta a banza.

Injiniya_Bala:
Ba tsoratarwa ba ce, Sadiq. Dubawar minti kaɗan ce kuma ba ta rubuta komai. In ya fito lafiya babu abin da aka rasa.

Abu_Fatima:
Tambaya ɗaya: akwai hoton kwaɗo a jikin F? Ina tambaya ne saboda BitLocker. Kwamfutoci da yawa yanzu suna zuwa da faifansu a kulle da shi ba tare da mai su ya lura ba, sai ranar da aka ciro faifan. In shi ne, babu maganar takeown, sai lambar ceto mai alƙaluma 48, wadda galibi ana samunta a asusun Microsoft da aka shiga kwamfutar da shi.

Binta_ICT:
Abu Fatima, da BitLocker ne Windows 11 za ta gane shi ta nemi lambar, ba za ta ce a yi fomat ba, sai dai in bayanan farkon ɓangaren ne suka lalace. Kuma ga E yana buɗuwa har ana ganin foldoji. Amma ka tuna mini da wani abu makamancinsa. Akwai EFS, wanda ake kulle fayil ɗaya-ɗaya da shi ta Properties, Advanced, "Encrypt contents to secure data". Irin waɗannan ko ka karɓi mallaka za ka ga sunansu amma ba za su buɗu ba, sai da takardar shaidar tsohon asusun. Maman Iman, in tsohuwar Windows ɗinki Home ce, wannan bai shafe ki ba, don ba a iya kullewa da EFS a Home.

Hauwa_K:
Ku yi haƙuri na shigo da tawa tunda ga masana sun taru. Filashata ce ke cewa "The disk is write-protected". Ina iya buɗe abin da ke ciki, amma ba na iya gogewa ko ƙara komai, fomat ma ya ƙi.

Sadiq_Tech:
Hauwa_K, ki fara kwashe abin da ke ciki zuwa kwamfuta. Bayan nan ki duba jikinta ko akwai ɗan maɓalli na kullewa, wasu suna da shi, kamar wanda ke gefen babban katin memori na SD. In babu, ki buɗe Command Prompt a matsayin admin: diskpart, sai list disk, sai select disk da lambar filashar, sai attributes disk clear readonly. Ki lura da lambar sosai, ki gane ta da girmanta. Ki kuma gwada ta a wata kwamfutar. In a can tana karɓar rubutu, to kwamfutarki ce aka saita ta hana, ana yin haka a kwamfutocin ofis da gangan.

Malam_Habu:
In kuma ta ƙi a kowace kwamfuta, to ta gama aiki. Filasha idan ƙwaƙwalwarta ta gaji, na'urar da ke sarrafa ta a ciki takan kulle ta a karatu kaɗai don kada abin da ke ciki ya lalace. Wannan babu umarnin da ke cire shi. Ki gode wa Allah da ta bar ki kina iya kwafa.

Ɗan_Linux:
Mu koma kan Maman Iman. Duk wannan wahalar izinin ta Windows ce. Ki samu filasha ki sa Ubuntu a kai, wato wani nau'in Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, ki tayar da kwamfutar daga filashar, ki zaɓi gwadawa ba girkawa ba. Babu abin da zai taɓa Windows ɗinki. Linux idan ta buɗe faifan NTFS ba ta bin jerin izinin nan, za ki shiga Users kai tsaye ki kwafi abin da kike so, ba tare da an canza izinin fayilolin ba.

Wataƙila ta ce miki faifan yana cikin barcin hibernation don haka karatu kaɗai za ta bari. Fast Startup ne ke jawo wannan, tun Windows 8 idan ka danna Shut down ba kashewa take yi gaba ɗaya ba. A halin da kike ciki wannan alheri ne, karatun kawai muke so. Kada ki bi masu cewa a yi ntfsfix, ba gyara na gaske yake yi ba, kuma rubutu yake yi a faifan.

ZeeZee:
Kullum sai an kawo mana Linux. Baiwar Allah ta ce folda ta ƙi buɗuwa, kai kana cewa ta koyi wata sabuwar duniya.

Ɗan_Linux:
ZeeZee, ban ce ta bar Windows ba. Filasha ɗaya ce, ta gama ta zare. Buɗe folda da kwafa a Ubuntu ba su da bambanci da yadda ta saba.

Kawu_Sule:
Ni dai shawarata a yi chkdsk F: /f, umarnin Windows na gyara tsarin faifai. Na sha ganin faifai ya ce a yi fomat, aka yi chkdsk ya dawo garau kamar ba a yi komai ba.

Injiniya_Bala:
Kawu, ni ma na ga ya yi aiki, ba ƙarya ka yi ba. Idan an zare faifai ana tsakiyar rubutu, ko wuta ta ɗauke, chkdsk kan daidaita shi. Amma a fahimci aikinsa: burinsa tsarin faifan ya daidaita, ba fayilolinka su tsira ba. Abin da ya ga bai gane ba yakan yanke shi, wani lokaci ya tara guntaye a folda mai suna found.000, wani lokaci ya share bayanin gaba ɗaya, kuma babu komawa baya. In aka ƙara /r kuwa, zai bi kowace sekta, wato kowane ƙaramin gurbin ajiya na faifan, yana tilasta karatu na sa'o'i, wanda shi ne abin da faifai mai ciwo ba ya so. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Sau da yawa ma a irin wannan hali amsar da zai bayar ita ce "CHKDSK is not available for RAW drives". A yi chkdsk bayan an kwashe kaya, ba kafin ba.

Kawu_Sule:
To ai ba kowa ke da wani faifan da zai kwashe kayan a kai ba, Injiniya. Mutum yana aiki da abin da yake da shi ne.

Injiniya_Bala:
Gaskiya ne. Amma faifai ana iya aro, hotunan yara ba a aro.

Maman_Iman:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Ban yi fomat ba, ban yi chkdsk ba. Injiniya, na sa manhajar. Caution ta nuna da ruwan ɗorawa, kuma ɗigon ruwan ɗorawar yana kan layin C5. Sauran layukan shuɗi ne. Faifan 500GB ne, irin mai juyawa. Babu ƙas-ƙas, amma na lura lokaci-lokaci yana yin shiru sai ya sake tashi, har kwamfutar ta yi ƙarar nan ta an zare abu an mayar. Abu Fatima, babu hoton kwaɗo.

Malam_Habu:
Wannan ɗaukewar da dawowar tana iya zama ƙarancin wuta. A wace kafa kika jona shi? Kafar USB 2.0 milli-amfiya 500 take bayarwa, ta USB 3.0 kuma 900. Faifan laftof mai juyawa yana jan wuta sosai lokacin tashi, a tsohuwar kafa sai ya riƙa kasawa. Ki nemi kafa mai shuɗin ciki ko mai alamar SS, ki jona kai tsaye ba ta hanyar abin raba kafa ba, ki sa cajar laftof ɗin a wuta. In kina da wani kebul gajere ki canza. Na ga faifan da aka yanke wa hukuncin mutuwa, ashe kebul ne.

Injiniya_Bala:
Ta bi maganar Malam Habu, wuta da kebul su ne na farko. Sai dai C5 yana nufin akwai sektocin da faifan ya yi ƙoƙarin karantawa ya kasa, yana jiran ya ga abin da zai yi da su. Yankewar wuta ana cikin rubutu na iya haifar da su, tsufa ma na iya haifarwa. Daga nan ba za mu iya rabewa ba. Abin da za mu iya cewa shi ne a ɗauke shi a matsayin mara lafiya: a rage kunna shi, a kwashe mafi muhimmanci da farko. Hajiya, rubutun bincikenki ne farko, don shi ƙarami ne kuma yana ɓangaren da ke buɗuwa.

Nura99:
Na ji ana cewa in aka sa faifai a firiza ya yi sanyi yana dawowa aiki na ɗan lokaci.

Binta_ICT:
Nura99, a'a. Da ka fito da shi raɓa za ta taru a kan farantan ciki, kuma tazarar da ke tsakanin kan karatu, wato allurar da ke karanta bayanai, da farantin ta fi ƙwayar ƙura ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Tsohon labari ne na faifan da can, kada kowa ya gwada a kan kayan da yake so.

Sadiq_Tech:
To tunda Caution ne na janye takeown a kan faifan. Amma akwai hanya a cikin Windows da za ta kwafa ba tare da canza izini ba, ba sai an je Ubuntu ba. Robocopy yana da yanayin da ake kira backup mode, wanda ke bai wa admin damar karanta fayil ko da jerin izini ya hana. Ki buɗe Command Prompt a matsayin admin:

robocopy "E:\Users\sunanki\Documents" "C:\Ceto\Documents" /E /B /R:1 /W:1 /XJ

/E duk foldojin ciki, /B shi ne yanayin da na faɗa. /R:1 da /W:1 suna da muhimmanci ƙwarai, don in ba ki sa su ba, idan ya ci karo da fayil mara karantuwa zai sake gwadawa har sau miliyan ɗaya, yana jiran daƙiƙa 30 tsakanin kowane gwaji. /XJ kuma yana tsallake foldojin nan na bogi irin su My Pictures da My Music da ke cikin Documents, waɗanda nuni kawai suke yi zuwa wani wuri. Ki maimaita da Desktop da Downloads. In kwafin ya yi miki gardamar izini, a kansa za ki yi takeown, a faifanki mai lafiya.

Abu_Fatima:
Waɗannan foldojin na bogi sun ruɗar da mutane da yawa. "Documents and Settings" da "Application Data" ko a kwamfutarka ta yau da kullum in ka danna za su ce Access is denied. Haka aka yi su tun Vista saboda tsofaffin manhajoji, babu komai a ciki. Kuma tunda ana maganar takeown, kada wani ya karanta wannan zaren ya je ya yi shi a kan C:\Windows ko WindowsApps. Waɗannan an bar su a hannun TrustedInstaller da tsarin kansa da gangan, in ka ƙwace su sabuntawa da manhajoji za su fara lalacewa.

ZeeZee:
Tunda an zo nan, ni tawa ita ce wata manhaja da na sauke, in na danna sai ta ce "Windows cannot access the specified device, path, or file". Ni ce admin, ni kaɗai ke amfani da kwamfutar.

Binta_ICT:
ZeeZee, wannan saƙon yana da iyaye da yawa. Ki duba ko gajeriyar hanya kike dannawa wadda ke nuni zuwa filasha ko folda da ba ta nan yanzu. Ki buɗe Properties na ainihin fayil ɗin, a ƙasan General in kin ga Unblock, Windows ce ta yi masa alamar daga intanet ya zo. Sannan ki shiga Windows Security, Protection history, ki ga ko antibairos ce ta riƙe shi. In ita ce, ki tsaya ki tambayi kanki daga ina kika sauko da shi kafin ki sake shi. Mutane suna saurin kashe antibairos don abu ya buɗe, alhali wani lokaci ita ce mai gaskiya.

Kawu_Sule:
Haka ne. Irin bairos ɗin nan da ke mayar da foldojin filasha su zama gajerun hanyoyi ma haka yake yaɗuwa. Kayan suna nan, ɓoye su ya yi. Bayan an wanke filashar da antibairos, attrib -h -r -s /s /d tare da harafin filashar yana fito da su. Amma wannan bai shafi Maman Iman ba.

Maman_Iman:
Alhamdu lillahi, ga inda aka kwana. Na canza kafa zuwa mai shuɗi na sa caja, ɗaukewar nan ta daina. Na bi umarnin Sadiq. Desktop da Downloads sun kwafu, fayil biyu kawai ya ce FAILED kuma ba masu muhimmanci ba ne. Babin binciken da nake aiki a kai yana Desktop, na buɗe shi lafiya lau, har na tura wa kaina ta imel. Sai dai Documents kusan babu komai a ciki. Na ga wata folda OneDrive a gefe, a cikinta akwai wani Documents mai sunayen takarduna duka, amma sun ƙi kwafuwa, in na danna ɗaya sai ya kawo 0x8007016A, "The cloud file provider is not running". F kuma yana nan yadda yake.

Sadiq_Tech:
Masha Allah. Na OneDrive ɗin ma labari ne mai daɗi. Waɗannan sunayen da kike gani ba fayilolin ba ne, wakilansu ne. Akwai tsarin Files On-Demand da ke barin suna da girma a kwamfuta, ainihin fayil ɗin yana intanet, sai an danna a sauko da shi. Ki duba Properties na ɗaya, za ki ga Size yana da lamba amma Size on disk sifili ne ko kusa da haka. Ki shiga OneDrive ta burauza da asusun Microsoft na tsohuwar laftof, in sha Allahu suna can. In ba ki ga wasu ba ki leƙa Recycle bin na can, yana riƙe abin da aka goge kwana 30 a asusun mutum na kansa.

Abu_Fatima:
Ki tabbata asusun tsohuwar ne, ba wanda aka buɗe miki da sabuwar kwamfuta ba. Da yawa suna da biyu ba su sani ba.

Ɗan_Linux:
Saura F, kuma a nan ne nake cewa Windows ba za ta wadatar ba. Faifai mai sektoci marasa karantuwa ba a sa masa manhajar neman fayil kai tsaye, don za ta yi ta kai-komo a kansa. Ana ɗaukar hotonsa gaba ɗaya, wato cikakken kwafinsa sekta-sekta, zuwa wani faifai mai lafiya, sannan a yi aikin a kan hoton. GNU ddrescue don wannan aka yi shi: yana fara kwashe wuraren da ke karantuwa da sauƙi, ya tsallake masu wuya, sai daga baya ya dawo musu. Yana ajiye taswirar inda ya tsaya, ko an katse za a ci gaba daga nan. Ana buƙatar faifan da ke da filin da ya fi 500GB. A duba sunayen faifai da umarnin lsblk kafin komai, domin in aka juya tushe da mazubi, faifan da ake son ceto shi za a shafe. Maman Iman, in akwai wanda ya saba da Linux kusa da ke, ki zaunar da shi ku yi tare.

Bayan hoton ya kammala sai manhajar ceton faifai ta TestDisk. NTFS tana ajiye kwafin sektar farko ta ɓangare a ƙarshensa, TestDisk na iya dawo da ita daga can, ko ya nuna fayilolin a kwafe su da sunayensu. In hakan ya gagara, PhotoRec da ke zuwa tare da shi yana tsinto hotuna ta hanyar gane siffarsu, sai dai za su fito ba suna ba folda.

Malam_Habu:
Ko kesin ɗin ne? Akwai waɗanda ke nuna wa kwamfuta sekta mai girman 4096 maimakon 512, sai faifan da aka ciro daga laftof ya fito RAW alhali lafiyarsa ƙalau.

Injiniya_Bala:
Akwai irinsu, Malam, amma da shi ne da E ma bai buɗu ba, don lissafin duka ɓangarorin zai karkace.

Game da maganar Ɗan_Linux, hanyar daidai ce, haka ake yi. Abin da zan ƙara shi ne a san inda za a tsaya. Hajiya, in ana cikin kwafa kika ji ya fara ƙas-ƙas, ko gudun ya faɗi ya zauna a kusan sifili na dogon lokaci, ki kashe. Wannan alamar kan karatu ne ke mutuwa, kuma kowane juyi yana iya kankare farantin. Daga nan sai masu ceton bayanai da ke buɗe faifai a ɗaki mara ƙura. In hotunan ba su da kwafi a ko'ina, ni da zan ce ki yi tunanin zuwa wurinsu tun yanzu.

Ɗan_Linux:
Injiniya, faifan da ya ba da Desktop da Downloads da kuskure biyu kacal bai kai can ba. Zagayen farko na ddrescue da -n, wanda ba ya nacewa a wuraren da suka lalace, bai fi robocopy ɗin da ta riga ta yi wahalar da shi ba.

Injiniya_Bala:
E ne ya bayar, ba mu san abin da ke ƙarƙashin F ba. Wataƙila ciwon duk a can ya taru, shi ya sa ya zama RAW.

Binta_ICT:
Kafin a kai ga wannan, Maman Iman, hotunan da waya aka ɗauke su? Ki duba Google Photos ko iCloud na duk asusun da kika taɓa amfani da shi, da foldar Pictures a OneDrive ɗin nan. Ki tambayi 'yan'uwa da kika taɓa tura wa. Wataƙila abin da ya rage a F kaɗai bai kai yadda kike tsoro ba, kuma hakan zai taimaka miki ki yanke shawara tsakanin maganar Injiniya da ta Ɗan_Linux.

Hauwa_K:
Sadiq, na gwada diskpart, ya ce an cire, amma filashar tana nan da write-protected, a kwamfutar ƙanwata ma haka. Na kwashe kayana dai.

Maman_Iman:
Takardun suna OneDrive, na same su, Allah ya yi muku albarka. Yaya Binta, na sami hotunan shekarun baya-bayan nan a Google Photos, amma na farko-farko da kyamara aka ɗauka, a F kaɗai suke. Na zare faifan na ajiye. Ƙanin maigidana ya saba da Ubuntu, ya ce zai zo da faifai mai 1TB. Tambayata, in an fara ddrescue ɗin ana iya barin sa ya kwana yana yi, ko sai ana tsayawa yana hutawa? Kesin ɗin yana ɗaukar zafi.

Ɗan_Linux:
A bar shi ya tafi a zagayen farko, kashewa da kunnawa ma wahala ce ga faifai. Ku zare shi daga murfin kesin, ku sa fanka ta riƙa busa shi, ku hana kwamfutar yin barci.

Injiniya_Bala:
Fankar na yarda da ita. Kwana ba kowa a kusa ne ban yarda ba. Ku fara da safe, wani ya zauna inda zai ji ƙararsa, kuma ku turo mana abin da ke layin rescued da na bad areas bayan awa ɗaya.